Na Yi wa Matata Kiwon Turke, Saura Ƙiris In Rasa Ta

Assalamu alaikum Malam Edita, da duk mai bibiyar wannan fili. A lokacin da abin da zan ba ku labarinsa ya faru, ni mutum ne da ba a gaya wa magana a kan jikin mai rai. Shekara ashirin da wani abu ina kiwon turke a wani ƙauye tsakanin Daura da Mai'adua, sana'ar da na gada ke nan. In shiga kara ranar Lahadi, in wuce shanun da kowa yake rububi, in je can gefe in tsinto ramammen sa wanda ake ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa, in kawo shi gida in ɗaure. Wata huɗu, in ya yi yawa biyar, wanda ya sayar mini da shi ma ba zai gane shi ba. Boko aji huɗu na yi na gudu, don haka in kun ga rubutun ya karkace ku daidaita shi, amma kada ku taɓa maganar, haka take. Abin da nake so ku riƙe shi ne, a wancan zamanin na yarda har zuciyata babu ramar da ta fi ƙarfina. Na san hanya, kuma hanyar ɗaya ce. Ka fara wanke cikin dabba da maganin tsutsa, ta yi zawo ta zubar da dattin da yake cinye ta, sannan ka bi ta da allurar bitamin, da dusa, da harawa, da 'yar kanwa a ruwan sha. Zawo tukuna, ƙiba daga baya. Da wannan sanin na ci abinci, na yi rufin kwano, na aurar da 'ya. Da shi kuma na kusa kai matata kabari.

Ita kaɗai gare ni, shekara ashirin da shida muna tare. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma mace ce mai baki, in ta saka ka a gaba da tsiya sai ka yi dariya ko ba ka so. In muna zaman lafiya Malam take ce mini, in tana son ta tsokane ni kuma Sarkin Turke. Ciwon ya faro mata da murɗar ciki, sai rama, sai ganin jini a bayan gida. Muka ce basir ne, kamar yadda kowa yake cewa. Kusan shekara guda muna fama da jiƙe-jiƙe da saiwoyi, tana ƙara lalacewa, har zane ya daina zama a ƙugunta. Daga asibitin garinmu aka tura mu Katsina, daga can aka tura mu wani babban asibiti a Kano, a nan ne likita ya zaunar da mu ya ce ciwon daji ne a hanji. Aka yi mata aiki aka yanke wurin. Allah ya taimake mu bai riga ya bazu ba. Likitan, wani dogo mai magana a hankali kamar ba ya son ya tashi mai barci, ya ce sun cire abin da ido yake gani, amma daji yana barin iri kamar ƙaya a gona, don haka za ta sha wasu ƙwayoyi na tsawon wata shida su bi su ƙone abin da ya ɓuya. A gida ba mu gaya wa kowa sunan ciwon ba. Muka ce ƙari aka cire mata. Kun san mutanenmu, da sun ji daji sai su fara yi maka kallon gawa, masu zuwa dubiya su riƙa sunkuyar da kai kamar sun zo ta'aziyya.

Ranar da za a fara ba ta maganin, wata ma'aikaciya a tagar da ake karɓar magani ta tsayar da mu ta yi mana bayani mai tsawo da Hausa tsantsa, don haka ba ni da uzurin cewa ban ji ba. Sunan maganin da wuyar faɗi, daga baya 'yata ta koya mini, wai kafesitabin. Ta ce a sha safe da yamma bayan an ci abinci, sati biyu a jere, a huta sati guda, a dawo a auna jini kafin a ci gaba. Ta ce yana iya sa tafin hannu da na ƙafa su yi ja su riƙa zafi, yana iya kawo gyambo a baki, yana iya kawo gudawa. Ta ɗaga yatsu huɗu ta ce in gudawa ta kai haka a yini, ko baki ya hana cin abinci, ko zazzaɓi ya zo, a ajiye maganin nan take a buga lambar da ta rubuta a takarda, kada a jira ranar dawowa. Sannan ta kalle ni, ni ɗin nan, ta ce Baba, kada a haɗa mata da komai, na kemis ko na gargajiya, ko da maganin ƙarin jini ne, sai an tambaya. Na gyaɗa kai na ce to 'yata, in Allah ya yarda. Gaskiyar abin da yake raina kuwa, cewa nake yi wannan yarinya sa'ar 'yata, ko kaza ba ta taɓa kiwatawa ba, ita za ta koya mini yadda ake tayar da ramamme. Hankalina ma yana tasha, kada motar Daura ta cika ta bar mu. Na ninke takardar na cusa a aljihun wata tsohuwar rigata, ban sake waiwayarta ba.

Zagaye na farko da na biyu suka wuce lafiya. Ɗan tashin zuciya, ɗan kasala, shi ke nan. Ta fara cin tuwo, bakinta ya dawo, har ta fara faɗa da kajin maƙwabta. Murnar da na yi ba ta faɗuwa. Amma ramar tana nan, wuyanta kamar na zabuwa. A daidai lokacin babbar 'yarmu tana da cikin fari, kuma bisa al'ada za ta dawo gida goyon ciki ta haihu a ɗakin uwarta. Matata ba ta da wani buri da ya wuce ta yi wa 'yarta wankan jego da hannunta. Ranar da za a shiga da ita ɗakin aiki ma, abin da ta ce mini ke nan, wai ba ta roƙon Allah shekaru masu yawa, ya dai bar ta ta tsoma ganye a ruwan zafi ta yi wa yarinyar nan wanka na kwana arba'in kamar yadda tata uwar ta yi mata. Yayar matata da take aure a garin Babban Mutum ta aiko cewa ta huta, ita za ta zo ta yi. Matata ta ce a gaya wa Yaya ta gode, amma ba ta mutu ba tukuna. Na zauna na lissafa, saura wata biyu haihuwa. Na kalli matata tana tafiya tana dafa bango, da idon da nake kallon sa a kara na kalle ta, Allah ya yafe mini. Na ce a raina wata biyu sun ishe ni. Likita ya yi nasa, ya wanke ciki, saura nawa, gina jiki.

Ana haka 'yar ta zo mana yini. Na ga ta yi fes, kumatu sun fito, fata tana sheƙi. Bayan ta ci abinci ta ciro wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi ruwan ɗorawa ta haɗiye ɗaya. Na tambaye ta na mene ne, ta ce a wurin awon ciki ake ba su, na ƙarin jini ne. Wani daɗi ya kama ni kamar na tsinci abin da na daɗe ina nema. Washegari na hau babur na shiga Daura, na je wani kemis na kwatanta masa. Mutumin nan bai cuce ni ba, sai da ya tambaye ni wa za a ba, kuma ko tana shan wani magani. Na ce wata ce jini ya yi mata ƙaranci, ba ta shan komai. Na ɓoye ne don kada sunan ciwon ya fita. Ya ba ni ƙwayoyin, na ƙara da wata babbar kwalba ta maganin ƙarin jini na ruwa, baƙi mai kauri kamar zuma. A hanyar komawa har waƙa nake yi a kan babur. Da na zube su a gaban matata ta tuna mini maganar yarinyar taga. Na ce wannan ai ba komai ba ne, abin da mai ciki take sha ba zai cuci babba ba. Ta ce to Sarkin Turke, gobe kuma sai ta ga buhun dusa a ƙofar ɗakinta, ta dai roƙe ni in na tashi kai ta kara in zaɓa mata dillali mai mutunci. Muka yi dariya. Ta sha, don na tsaya a kanta. Inda 'yata take shan ɗaya ni biyu nake ba matata, safe biyu yamma biyu, da cokali biyu na kwalbar, don a sana'armu ba a yi wa babban sa awon maraƙi. Da muka koma Kano awon jini kafin zagaye na uku, likita ya tambaye ta ko tana shan wani abu ban da nasu. Kafin ta buɗe baki na amsa mata, na ce babu. Ta juyo ta kalle ni, ta yi shiru, don ba za ta ƙaryata mijinta a gaban baƙo ba. Wannan shirun nata har yau yana damuna fiye da duk wani zagi da na sha daga baya.

Kwana biyar da fara zagaye na uku ta ce tafin ƙafarta yana zafi kamar tana taka rairayi da tsakar rana. Hannun ma haka, amma ta sa lalle saboda bikin wata maƙwabciya, jan bai fito ba, na ce zafin lalle ne. Kwana biyu bayan haka bakinta ya fashe, tuwo ya gagara, sai kunu. Sannan gudawa ta zo. To a nan ne nake so mai karatu ya tsaya ya ji irin wautar da na tafka, don ban tsorata ba ko kaɗan. Murna na yi. Wallahi murna na yi kamar an yi mini albishir da kujerar Makka. Na ce alhamdu lillahi, ga dattin nan yana fita, ga ragowar ciwon da likita ya ce ya ɓuya. Ai a hanji yake, ta ina zai fita in ba ta nan ba? Duk sa da na taɓa ɗaurewa sai da ya bi ta wannan hanyar kafin tozonsa ya miƙe. Ina zaune a tsakar gida ina ƙirga mata shiga bayi, shida, takwas, washegari goma, ina jin kamar ina ƙirga riba. Na fita majalisa na ce wa abokaina su taya ni godiya, sauƙi ya samu. Na sayo mata balangu mai zafi, ta kalle shi ta kau da kai, na cinye abina ina cewa nan da sati guda da kanta za ta ƙwace. Ta ce Malam, yarinyar nan fa yatsu huɗu ta ɗaga, mu ajiye maganin nan mu buga musu waya. Na ce ba a tsayar da wanki a tsakiya, in aka tsaya dattin komawa yake yi. Ta ce mini, da muryar da ba ta fita sosai, ita fa ba saniya ba ce. Na yi dariya, na ɗauka tsiyarta ce ta kullum. Kwana uku cur na ci gaba da miƙa mata ƙwayoyin likita da nawa, ina riƙe mata kofi, tana haɗiyewa tana hawaye saboda zafin baki.

Ranar Lahadi na ja wani sa na tafi kasuwar Mai'adua. A lokacin 'yarmu ta riga ta dawo gida goyon ciki da kwana biyu, na bar su tare. Rana ta take, ciniki ya fara daɗi, wani Banijare yana zagaya san yana bubbuga masa gindi, sai wayata ta yi ƙara. 'Yata ce, tana kuka, wai Baba ka zo, Inna ta faɗi a bakin bayi, jikinta kamar wuta, ana yi mata magana ba ta amsawa daidai. Na danƙa wa dillali igiya na kama hanya. Yadda na iso gida ban sani ba. Na tarar an shimfiɗa ta a rumfa, idanu sun faɗa, leɓe ya bushe ya tsattsage. Na durƙusa na kama hannunta, sai hannuna ya yi abin da ya saba yi ba da shawarata ba: na ja fatar bayan hannunta da yatsu biyu na saki. Fatar ta tsaya cak, ba ta koma ba. Malam Edita, na san wannan alamar. Na sha ganinta a wuyan dabba. In ka ja fata ta tsaya haka, ruwan jiki ya ƙare, abin da ya rage shi ne a nemo wuƙa kafin a yi asarar nama. A nan ne duk sanin da nake taƙama da shi ya juyo ya gaya mini gaskiya. Ba datti ba ne yake fita. Ranta ne yake fita, ni kuma ina zaune ina ƙirgawa ina godiya.

'Yata ce ta yi hankali, ta yi sakandare. Ta tambaye ni ina takardar asibiti, na nuna mata tsohuwar rigar. Ta ciro takardar ta warware ta karanta a fili, duk abin da yarinyar taga ta faɗa yana ciki, ɗaya bayan ɗaya, ga shi kwance a gabanmu. Ta buga lambar. Wanda ya ɗauka ya ce kada a sake ba ta ko ƙwaya ɗaya, a kai ta asibiti mafi kusa a sa mata ruwa yanzu, in ta ɗan farfaɗo a taho da ita Kano, kuma a zuba duk abin da take sha a leda a zo da shi, komai ƙanƙantarsa. Haka aka yi. A Daura aka sa mata ruwa leda bayan leda, washegari da hantsi muka kama hanyar Kano a motar haya, kanta a cinyar yayarta, wadda ta iso daga Babban Mutum tun kafin a gama ɗaura ruwan farko. Muna isa Kazaure yayar ta waiwayo kaina. Cewa ta yi ta daɗe tana jin ana faɗin garin neman ƙiba an samo rama, ba ta taɓa zaton za ta ga wanda aka yi karin maganar dominsa ba sai yau, kuma wai mijin ƙanwa gare ta ko makiyayi. Ko gaban alƙalin shari'a ta kai ni, ita za a ba gaskiya.

Likitan nan dogo ya zazzage ledar a kan tebur. Ya ware ƙwayoyinsu gefe, ya ɗaga kwalbar ya karanta, ya ɗaga 'yan ruwan ɗorawan, sannan ya tambaye ni tun yaushe. Na faɗa masa komai, har ƙaryar da na yi masa a gabanta. Na so ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Bai zage ni ba. Ya ce Malam, maganin daji guba ne da aka auna, da nauyinta da tsawonta da ƙarfin ƙodarta aka auna shi, yadda zai kashe ciwon ya bar mai ciwon. Ya ce yana bin duk abin da yake saurin tsiro a jiki, kuma fatar cikin baki da ta cikin hanji suna cikin masu saurin tsiro, shi ya sa gudawa da gyambon baki ba alamar sauƙi ba ne, ƙararrawa ce cewa gubar ta fara cin mai ita. 'Yan ƙwayoyin nan kuma, folik asid sunansu, akwai shi a cikin kwalbar ma. Ya ce ga mai ciki alheri ne, amma in ya haɗu da irin wannan maganin ƙara masa kaifi yake yi, kamar an auna wutar da za ta dafa tuwo wani ya zo ya watsa mata fetur. Ya ce ba zai rantse cewa su kaɗai suka jawo ba, don akwai jikin da ko ba a haɗa da komai ba maganin yana yi masa ƙarfi. Amma kwana ukun nan da aka ci gaba da ba ta bayan gudawa ta kama, su ne suka kawo ta bakin rami. Ya ce sojojin jininta, masu yaƙi da cuta, sun kusa ƙarewa, ƙaramin zazzaɓi ma yana iya tafiya da ita. Kwana uku zuwa huɗu masu zuwa su za su nuna.

A ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya da take gaban ɗakin mata na yi waɗannan kwanakin. Ba a barin mu shiga sai an wanke hannu an rufe hanci, shi ma na ɗan lokaci. Ina ganin ana shiga da ledojin ruwa da allurai, ina ganin ana fitowa da wasu a lulluɓe, duk wanda aka turo sai na miƙe. Ban taɓa sanin yini yana da tsawo haka ba. Rana ta biyar da hantsi yayarta ta leƙo ta yafito ni da hannu. Na shiga na tarar an jingina matata da matashi, ido a buɗe. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta motsa baki, na kai kunne, sai na ji wai Sarkin Turke, an sayar da san ko ita za a kai a madadinsa. Na fashe da dariya da kuka lokaci guda, ni da ban yi kuka ba ranar da aka binne mahaifina. Ta ce koko take so. Na fita da gudu kamar yaro, babban mutum da furfura, na tsallaka titi na sayo, rabinsa ya zube a rigata kafin in dawo. Cokali uku ta sha. Ban taɓa ganin cin abincin da ya faranta mini rai kamar cokali ukun nan ba, ko na san da ya fi kowane kawo mini riba. Kwana goma sha ɗaya muka yi aka sallame mu.

Ta rayu, amma abin da na yi duk wannan haukan dominsa, shi na hana ta. Da lallen ya goge sai ga hannun ya bayyana, fatar tafin ta saɓule, sabuwar da ta fito ja ce kamar ta jariri, ko kofin shayi ba ta iya riƙewa. Likita ya ce bayan ta huta za a ci gaba da maganin a rage masa ƙarfi, kuma kada hannun nan ya kusanci ruwan zafi. Sati uku da dawowarmu 'yarmu ta sauka, namiji. Ranar wankan farko matata ta zauna a kan kujera 'yar tsugunne tana kallon yayarta tana tsoma ganye a ruwa, ta juya fuska bango. Abin da na iya shi ne, washegari bayan sallar asuba na ɗauki gatari na faskara itace, na hura wuta, na ɗora rabin duro na cika shi da ruwa. Haka na yi safe da yamma har kwana arba'in, ban bar wa kowa ba. Matan unguwa suka yi ta leƙe, abokaina na kara suka sa mini suna ungozoma, wani ma ya ce in zo matarsa ta kusa. Ban damu ba. Ita kuma daga kan kujerarta take ba da umarni, wai ruwan bai tafasa ba, wai wutar ta yi yawa, wai Yaya ki bi ta bayan nan da kyau, wai Malam ko dafa ruwa sai an koya maka. Jikan kuwa a kan damatsanta ake ɗora mata shi, tana tallafe da shi ba tare da tafin ya taɓa ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro yau, shekara biyu ke nan da gama shan maganin, kuma shekaranjiya muka dawo daga Kano. An yi hoto, an auna jini, likitan nan dogo ya juya takarda ya sake juyawa, ya ce bai ga komai ba, mu dawo bayan wata shida. Tun daga ofishinsa har tasha ban san ina gaisawa da mutanen da ban sani ba sai da ta ja mini riga. Ta yi ƙiba, kuma ba ni na sa ta ba, tuwo ne da lokaci. Hannun ya warke, ta koma murza ƙuli-ƙulinta. Ƙanwar waccan 'yar tamu da muka aurar bara tana da ciki, matata ta riga ta aika Babban Mutum cewa wannan karon kowa ya zauna a gidansa. Ni an bar mini hura wuta, an ce nan na fi kyau.

Na gaji da yawa a rayuwa, ba ni da ƙarfin yi wa kowa wa'azi, amma ga abin da na saya da tsada ina ba ku kyauta. In naku yana shan maganin daji, kada ku ɗora masa komai a kai, ko bitamin, ko na ƙarin jini, ko na ciwon jiki, ko jiƙon da ɗan'uwa ya kawo da kyakkyawar niyya, sai kun tambayi waɗanda suka ba shi. Ni yanzu ko zogale za ta ci da yawa sai na buga waya, suna yi mini dariya, ina sake bugawa. In likita ya tambaya me ake sha, ku bar mara lafiya ya amsa da bakinsa, kuma ku zazzage masa ledar gaba ɗaya. Kada kunyar sunan ciwo ta sa ku yi wa mai kemis ƙarya. In gudawa ta zo, ko baki ya fashe, ko zazzaɓi, ba ciwon ba ne yake fita, ku ajiye maganin ku nemi asibiti a ranar. Takardar da aka ba ku, in ba ku iya karatu ba, ku ba wanda ya iya tun ranar farko. Sannan maza 'yan'uwana, musamman masu sana'a a hannu waɗanda suka saba abu yana yi musu biyayya, in matarka ta ce maka jikinta ba daidai ba, ita take cikin jikin, ba kai ba. Na iya sana'ata, har gobe ban san wanda ya fi ni ba a yankinmu. Amma sa in ya mutu a turke asara ce kawai, Lahadi mai zuwa ka koma kara ka zaɓi wani. Matata na zagaya kasuwanni da yawa, ban ga inda ake sayar da irinta ba.